Tanki na biyu ko jarka? Lissafin mai ga mai ƙaramin jirgin inji

Zariya ba garin ruwa ba ce irin Yawuri ko Lakwaja, shi ya sa da yawa daga cikin mutanenmu da suka shiga harkar jirgin inji, da tunanin mai babur suka shige ta. Akwai mai kwale-kwalen fito a Galma da ya gaji da gora, yana son ya ɗora inji kafin ruwan Agusta ya shafe mashigai. Akwai masuncin da ya saba da madatsar Shika, yana hangen babbar madatsar Galma da ke Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau. Akwai kuma ɗan kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada da ya sayi inji ya ba ƙaninsa ya tafi da shi Shiroro ko Kainji, ana raba riba. Dukansu tambaya biyu ce a gabansu kafin a ja igiya: man da ke tanki ina zai kai, na ajiya kuma a cikin me za a ɗauke shi?

Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kama 500 cikin kwanaki kaɗan, ba mai zuba fetur da sakin hannu kuma. Kowa aunawa yake daidai wa daida. A kan titi wannan tsimi ne. In mai ya ƙare maka tsakanin Kwangila da Samaru, sai ka tura babur zuwa wurin ɗan bumburutu na gaba. A tsakiyar Shiroro babu turi, kuma jirgin da injinsa ya mutu ba ya tsayawa inda ya mutu. Ruwa da iska ne ke zaɓa masa hanya, kuma yawanci juya shi suke ya ba igiyar ruwa gefe, alhali ta gefe ne kwale-kwale ya fi saurin shan ruwa.

Awa ake ƙirgawa, ba kilomita ba

Mai babur nisa yake ƙirgawa: lita kaza, Zariya zuwa Funtuwa. Injin jirgi kuwa lissafinsa irin na janareto ne. Abin da ya sani shi ne awa nawa ya yi yana aiki, da yadda aka murɗa masa totur. Ko jirgin ya ci kilomita 15 a awar, ko 7 ya ci saboda ruwa na tura shi baya, man da injin zai sha ɗaya ne.

Hanya uku ake bi a san cin inji, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Ta farko ido da sabo: a ɗaga tanki a girgiza, a ji nauyinsa, a ce zai kai. Ba na raina ta. Tsohon direban da ya shekara yana bin hanya ɗaya da jirgi ɗaya ba ya cika kuskure. Sai dai saninsa a ɗaure yake da wannan hanyar da wannan jirgin. Ranar da aka ƙara buhu shida, ko aka sauya farfela, ko aka ce a wuce tashar da aka saba a kai kaya ƙauye na gaba, sabon ya daina aiki, shi kuwa bai sani ba. Ƙaramar allurar da ke kan tanki ma a wannan sahun take, don da jirgi take rawa, kuma takan daɗe tana nuna akwai mai sannan ta faɗo gaba ɗaya.

Ta biyu lissafin doki, wato awon ƙarfin inji. Injin tu-sitrok, wato wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, irin Yamaha Enduro da ya cika ruwayen ƙasar nan, idan aka buɗe masa totur har ƙarshe yakan sha wajen rabin lita a awa a kan kowane doki. Mai doki 15, lita 7 zuwa 8 ke nan a awa. Mai doki 40, wajen lita 20. Fo-sitrok, mai ɗakin baƙin mansa daban, yakan tsaya wajen sulusin lita ko ɗan sama da haka a kan doki. Yanzu dubi jan tankin da ke zuwa da inji, mai lita 24 ko 25. Ga mai doki 15 awa 3 ne da 'yan mintoci. Ga mai doki 40 ba zai wuce awa ɗaya da kwata ba. Sannan a cire lita ɗaya ko biyu na can ƙasa, don in jirgi na tangaɗi bakin tiyo iska yake zuƙa a madadinsu, inji ya yi ta shaƙewa.

Wannan shi ne abin da sabon shiga ba ya son ji in ya je karɓar injinsa wurin mai gyara.

"Baba, ai tankin nan in na cika shi ya ishe ni wuni guda ko?"

"Wunin wa, ɗana? In ka fita da hantsi ka murɗe shi har ƙarshe, kafin a kira azahar kana neman filafili."

Amfanin lissafin doki shi ne yana ba ka mafi munin abin da zai iya faruwa, don haka shi ne na ranar farko da sabon inji, ko jirgin aro. Aibinsa kuwa, ba wanda ke wuni da totur a ƙarshe, sai ka ga ka ɗauki man da ya fi buƙata, ka ɗaure kuɗi, ka ƙara wa jirgi nauyi. Tsohon inji mai lalataccen kafireto kuma yana iya zarce lissafin.

Ta uku ita ce awo, kuma ita nake ba kowa shawara, don awa ɗaya kawai take ci. Cika tanki zuwa wani layi da ka yi wa alama. Ɗora wa jirgi irin kayan da ya saba ɗauka, ba fanko ba. Yi awa guda cur a kan totur ɗin da kake tafiya da shi kullum. Ka dawo gaɓa ka sake cikawa zuwa layin da galan mai lita 4 ko kwalbar da ka san awonta. Abin da ya shiga shi ne cin injinka, ba na kamfani ba, ba na maƙwabci ba. In akwai sikelin rataye na masu kifi, ya ma fi sauƙi: a auna tanki kafin fita da bayan dawowa. Litar fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, saboda haka tankin da ya ragu da kilo 3, lita 4 aka ƙona. Gudun jirgi kuma waya za ta faɗa maka, don na'urar taswirar da ke cikinta da tauraron ɗan'adam take magana, tana nuna gudu ko da babu sabis.

Wanda ya daure ya yi awon sau uku, a rabin totur, a kashi uku cikin huɗu, da a ƙarshe, zai ga abin da zai sauya masa tuƙi. Dogon kwale-kwalen katako mai kaya yanka ruwa yake, ba hawa kansa yake ba. Akwai gudun da in ya kai, duk abin da aka ƙara masa na totur ba gaba yake kai shi ba: baya ya nutse, goshi ya ɗaga, wata ƙatuwar igiyar ruwa ta biyo shi, man yana tafiya wajen haƙa rami a ruwa. A ce, misali, awonka ya nuna lita 7 da rabi a awa da gudun kilomita 15 a totur na ƙarshe, sannan lita 4 da rabi da gudun 13 in an ɗan sassauta. Na farko kilomita 2 ke nan a lita, na biyu kusan 3. Ka rasa kilomita 2 a awa, ka sami ƙarin kusan rabi a nisan da tanki zai kai ka. Ƙaramin jirgin faiba ko na alminiyam mara nauyi nasa daban ne: shi ya fi ɓarnar mai a tsaka-tsaki, lokacin da goshi ya ɗaga amma bai kwanta a kan ruwa ba tukuna, kuma ya fi tsimi da zarar ya hau ya daidaita.

Abin da kogi ke yi wa lissafi

A nan ne mutanen tudu suka fi faɗawa. Tunaninsu shi ne, abin da ruwa ya ci maka a hawa zai biya ka a gangara, an yi canjaras. Ba haka ba ne, kuma alƙalami zai nuna.

Ɗauki jirgi mai gudun kilomita 12 a awa a kwantaccen ruwa, tafiyar kilomita 16. A madatsa, zuwa da dawowa awa 2 da minti 40 ne. Sa shi a kogin da ke gudun kilomita 4. A hawa 8 yake yi, awa 2 ke nan. A gangara 16, awa 1. Jimla awa 3. In ruwa ya cika ya koma gudun 6, hawa ta zama awa 2 da minti 40 ita kaɗai, gangara minti 53, jimla ta haura awa 3 da rabi. Dalili kuwa, ka fi daɗewa a ɓangaren da ruwa ke cutarka fiye da ɓangaren da yake taimakonka.

Tarkon ya fi kama wanda ya fara da gangara. Ya isa cikin awa guda, lita 5 kawai ya ƙona, zuciyarsa fes. In ya ce wasu 5 sun isa dawowa, zai tsaya a rabin hanya, don dawowar lita 10 take so. Saboda haka a kogi ba a cewa rabi na zuwa rabi na dawowa. Hawa da gangara, kowace ana lissafa awanninta daban, kuma in da zaɓi, a fara da hawa: ko inji ya mutu, ruwa gida zai nufa da kai.

A madatsa iska ce ke yin aikin da gudun ruwa ke yi a kogi. Hadarin damina daga gabas yake taso mana, yawanci da yamma, lokacin da ake kan hanyar komawa da kaya. Da hunturu kuma hazo kan ɓoye gaɓa, mutum ya yi ta zagaye yana neman tashar da ya baro. Ƙara da kainuwa ko guntun tsohuwar koma da ta naɗe farfela, da zaman jiran fasinja inji na kunne, da janyo jirgin ɗan'uwa da ya mutu, wanda ba yadda za a yi ka wuce shi.

Don irin waɗannan ne masu jirage a ko'ina suke bin ƙa'idar sulusi: sulusin mai na fita, sulusi na dawowa, sulusi ba a taɓa shi. A kogi sai a juya ta haka: haɗa man zuwa da na dawowa, ka ƙara rabinsa. Tafiyar can ta lita 15, ajiyarta lita 7 da rabi, jimla 22 da rabi. Wato tankin lita 24 cike maƙil, ba rara. Duk tafiyar da ta fi wannan, dole mai ya fito daga wani mazubi na biyu. Kuma lokaci ma yana cikin lissafi, don hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedkwatarta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare. Wanda mai ya yanke masa da la'asar, duhu ne zai same shi a ruwa.

Rawayar jarka mai lita 25

Ita kowa ke fara ɗauka, don tana nan a kowane gida, kuma kusan kyauta ce. Ta man girki ce, ba don fetur aka yi ta ba. Robar jikinta takan jure, amma murfinta ba ya riƙe tururi, shi ya sa ake cusa leda a ɗaure, ledar kuma fetur na cinye ta a hankali, gutsattsarinta su bi mai zuwa kafireto. Fetur yana kumbura da zafi, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kan kowane ƙarin digiri 10. Jarkar da aka cika har wuya da sanyin asuba, in ta sha ranar Afrilu a buɗaɗɗen jirgi, ko ta yi ciki ko ta fara tsiyaya ta murfi. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, ba sama yake tashi ba, ƙasan jirgi yake kwanciya, daidai inda wani zai yar da guntun taba ko a ajiye kurfoti.

Amma babban aibinta ba a ajiya yake ba, a zubawa yake. Inji ya yi tari biyu ya mutu. Jirgi ya juya ya ba iska gefe. Direba ya saki hannun inji ya tsallake buhuna zuwa inda jarka take, ya ciccibo kilo 20, ya dawo da ita a rungume. Yaron jirgi ya tsuguna ya riƙe mazurari, wanda yawanci gorar ruwa ce aka yanke. Dole direba ya miƙe tsaye ko ya yi rabin tsayuwa, don jarka mai lita 25 ba ta zubuwa daga zaune, kuma duk nauyin mutum biyu da jarka ya taru a kusurwa ɗaya ta baya. Man ba ya fita sumul, gulub-gulub yake yi, kowane gulub yana fantsama. Igiyar ruwa ta bugo, mazurari ya goce, rabin lita ya bi hannun yaro ya gangara cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, feshin ruwa kuma ya faɗa bakin tanki da ke buɗe. Bayan an gama, a wannan wurin da ke warin fetur za a ja igiya, kusa da fulogi. Sau da yawa ana yi a wanye lafiya, shi ya sa ba a daina ba.

In jarka ce dole, a raba ta. Biyu masu lita 10 sun fi ɗaya mai 25 ta kowace fuska in ban da kuɗin saye: ana ɗaga ta da hannu ɗaya, ana zubawa daga zaune, ana raba nauyinsu dama da hagu, kuma in ɗaya ta fashe ko ruwa ya shige ta, ɗayar na nan. A nemi wadda aka yi don fetur, ta ƙarfe ko jar roba mai kauri, mai zoben roba a murfi da bututun zubawa. A bar mata sarari kamar faɗin yatsu uku a sama. Kuma kada a jira inji ya mutu. In awa ta nuna tanki ya kusa, a raɓa gaɓa ko inda ruwa ya lafa, a kashe inji, a zuba a natse.

Tanki na biyu

Wannan shi ne zaɓina ga duk wanda ke nisa da gaɓa, kuma dalilin guda ne: ba a buɗe fetur a kan ruwa. Tanki ne irin na farko, mai bakin da tiyo ke shiga. In na farko ya kusa ƙarewa, direba na zaune a wurinsa zai danna maƙalin ya zare tiyo, ya cusa a na biyu har ya ji ƙas, ya kwance ɗan dunƙulen shan iska da ke kan murfi, ya matsa ƙwallon robar nan na jikin tiyo har ya yi tauri. Ko minti ɗaya ba a yi ba. In an yi da wuri, injin ma ba zai mutu ba, don man da ke cikin kafireto zai riƙe shi.

Yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: shi ne ma'aunin mai mafi gaskiya. Lokacin da na farko ya ƙare, ka san tabbas lita nawa ka ƙona da awa nawa, ka san abin da ya rage ba da kintace ba. In ba ka juyo ba tukuna a lokacin, to lokacin juyowa ya yi. Sannan in man tanki ɗaya ya zo da ruwa ko datti, ba ka gauraya shi da mai kyau ba.

Aibinsa kuɗi. Na asali ya ninka jarka sau da yawa, kuma kasuwa cike take da na kwaikwayo masu bakin da ke shan iska. Bakin tiyo ba iri ɗaya ba ne tsakanin Yamaha da Suzuki da Tohatsu da Mercury, don haka a tafi shago da tiyon injin a gwada kafin a biya. Yana kuma cin wuri a bayan jirgi. Dunƙulen shan iskan nan ma yana da nasa sharri: in an manta shi a rufe, inji zai yi 'yan mintoci ya mutu, tanki ya lotsa, mutum ya rantse mai ne ya ƙare alhali ga shi cike. A rufe shi in ana ɗauke da tankin a mota, a buɗe in tiyo ya shiga.

Duro ko wani babban tanki guda da aka sa wa tiyo kuwa, na manyan jiragen kasuwa ne masu doki 40 zuwa sama. Ga ƙaramin jirgi nauyi ne a wuri ɗaya, man na kai da komo a ciki yana ƙara tangaɗi, kuma in ya gurɓata duka ya gurɓata.

Saura masu cewa za su saya a hanya. A inda ka san tashar, ka san mai sayarwa, dabara ce mai kyau ta rage nauyi, amma ba ajiya ba ce, don ba ta tare da kai a tsakiyar ruwa. Man bakin ruwa ya fi tsada, kuma ya bi ta duro da jarkoki da yawa kafin ya iso. Ko na gidan mai ba a rantsuwa a kansa: a farkon 2022 an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, ya lalata injunan motoci, aka janye shi daga kasuwa. Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake kwanciya, daidai inda tiyo ke zuƙa. Kafin a karɓi man da ba a sani ba, a tsiyaya kaɗan daga ƙasan mazubin a farar kwalba a bar shi ya natsa. In da ruwa, za a ga layinsa a ƙasa ƙarara.

Haɗi, nauyi, da shingen hanya

Ko tanki ko jarka, man ajiyar tu-sitrok a haɗa shi tun a gaɓa. Mutumin da inji ya mutu masa ga hadari na tasowa ba zai tsaya awon baƙin mai ba, zallan fetur zai zuba, injin ya buga kafin a kai gaci. Awon yana cikin littafin injin. Mafi yawa 50 ga 1 ne, wato mililita 20 a kowace lita: 200 a jarka mai lita 10, rabin lita a mai 25. Akwai masu 100 ga 1, sabon inji kuma akan ninka masa baƙin mai a awanni 10 na farko. A nemi wanda aka rubuta TC-W3 a jikin robarsa, shi aka yi don injin da ruwa ke sanyayawa. A zuba baƙin man da ɗan fetur a girgiza, sannan a cika, a ɗaura ƙyalle a hannun mazubin alamar an haɗa. Haɗaɗɗen mai ba ya son dogon zama a zafinmu. Mai tanki biyu wannan bai dame shi ba, yau ya fara da wannan gobe da wancan. Mai jarka sai ya tuna ya juye ta cikin tanki kafin ta yi wata, ya sake sabo.

Yawan ajiya ma ba kyauta ba ne. Jarka huɗu masu lita 25 kilo 80 ne, nauyin ƙato guda, kuma a ƙirga su cikin fasinja. Hatsarin Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a madatsar Watari a ƙarshen Nuwamban shekarar, duka an danganta su da lodi fiye da kima. Jirgin da ya nutsa da yawa kuma ya fi shan mai, wato wani ɓangare na ajiyar yana ƙonewa ne wajen ɗaukar kansa. A ajiye mazubin a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu saboda rana, nesa da batir da wurin girki.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu na wannan yanki. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna sun hana sayar da fetur a jarka a wasu wurare, don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai, kuma har yau jami'an tsaro ba sa kallon jarkar fetur da idon rahama. Matashin da ya taso daga Zariya da rawayen jarkoki huɗu a bayan mota ya nufi wajen Shiroro, zai sha tambaya a kowane shinge, in ma ba a sauke su ba. Jan tanki mai tiyo kusa da inji shi ke bayanin kansa. Duk da haka a riƙe rasit ɗin gidan mai, a kuma gabatar da kai wurin Sarkin Ruwa ko shugabannin tasha in an isa.

Wa zai sayi me

Mai fito a Galma, wanda gaɓa biyu ke gabansa kullum, bai buƙatar tanki na biyu. Tankinsa da jarka ɗaya mai lita 10 da ke zaune a tasha sun isa, muddin gora da filafili na cikin jirgi, kuma yana duba mai kafin ya ɗauki mutane, ba bayan an tashi ba. Mutuwar inji a tsakiyar cikakken kogi da fasinja ba ta jiran a ɗauko jarka.

Masuncin madatsa mai doki 15 da ke awa 2 zuwa 3 a ruwa, tanki na biyu mai lita 12 ya wadatar, ya fi araha, ya fi sauƙin wuri. In aljihu bai kai ba, jarka biyu masu lita 10 na fetur na gaske, da niyyar sayen tankin in kifi ya yi kasuwa. Mai doki 25 ko 40, ko duk wanda ke ratsa faɗin Kainji ko Shiroro, tanki biyu masu lita 24 ne mafi ƙaranci, jarka kuma ta zama ta uku. Wanda kuɗin mai ya ishe shi har yana tunanin komawa fo-sitrok, zai ga sauƙi a lita, ba kuma ruwansa da haɗi, amma injin ya fi tsada, ya fi nauyi a bayan ƙaramin kwale-kwale, kuma masu gyaransa a bakin ruwa ba su kai na Enduro yawa ba.

Shi kuwa Alhajin da ke zaune a Zariya jirginsa na can wani ruwa, ya sayi tankin da kansa, kada ya aika kuɗi ya ce a saya. Ya kuma cire man ajiya daga cikin abin da ake zaftare wa direba kafin rabo. Yaron da ya san kowace lita daga kasonsa take fita, da ajiyar zai fara tsimi. Cikon farko na tanki na biyu ya zama na mai jirgi, direba kuma sharaɗinsa ya dawo da shi cike, ko ya faɗi ranar da ya taɓa shi da dalili.